Warshar da ke tantance asalin tsofaffin motocin alfarma a Jidda

A Jidda da Makka da Ɗa'if akwai gidaje da dama da ke da tsohuwar motar alfarma a ajiye, wata a gareji an lulluɓe ta da tamfol, wata a bayan gida tayoyinta sun daɗe da sacewa. Kusan kowacce tana tafe da labarinta: wannan wani yarima ne ya yi kyautarta, waccan a Landan aka ƙera ta da hannu kuma ba ta da ta biyu. Muddin motar tana ajiye, labarin ba ya cutar da kowa. Ranar da aka zo sayarwa ko rabon gado kuwa, labarin yakan koma kuɗi, domin akwai tazara mai faɗi tsakanin farashin motar da kamfani ya yi wa bodi irin na kowa da wadda wani sanannen maƙeri ya yi wa bodi na musamman. Dalilin da ya sa ke nan na ga ya dace in yi bayani a kan wata warsha da ke sana'iyyar Jidda, wato unguwar masu gyaran mota, wadda ta mayar da tantance irin waɗannan motoci sana'arta, domin 'yan uwanmu da ke riƙe da su, ko waɗanda aka wakilta su sayar, su san abin da za su samu a can da abin da ba za su samu ba.

Mai warshar dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, cikin zuriyar waɗanda aikin hajji ya kawo kakanninsu suka zauna. Ya yi ƙuruciyarsa yana kanikanci a manyan gidajen da ke da irin waɗannan motoci, kuma yanzu yana aiki tare da ɗansa, wanda ke ɗaukar hotuna, yana rubuta rahoto, yana kuma aika wasiƙu zuwa ƙasashen waje. Abu na farko da ya sa na amince da su shi ne ba sa saye, ba sa sayarwa, ba sa kuma karɓar la'ada daga kowane ɓangare. Ladan aikinsu ɗaya ne, ko motar ta fito mai daraja ko ta fito gama-gari. Duk wanda ya taɓa kai mota ma'arad, wato kasuwar sayar da motoci, ya ji yadda dillali ke kushe ta idan shi zai saya, ya kuma kambama ta idan shi zai sayar, ya san amfanin wannan tsari.

Kafin a fahimci aikin nasu, sai an san yadda ake ƙera motocin a wancan zamani. Har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Rolls-Royce ba ya sayar da cikakkiyar mota. Shasi da injin da lagireto yake yi, sai mai saye ya zaɓi maƙerin da zai ɗora masa bodi yadda yake so. Wanda ya san yadda ake sayen babbar mota a Arewa da kai da shasi kawai, a kai ta wurin masu bodin katako su gina mata baya, ya riga ya gane tsarin, sai dai a nan ana maganar alminiyom da fata da katakon ado. Maƙeran da suka yi suna a Ingila sun haɗa da Hooper da Barker da H.J. Mulliner da Park Ward da James Young da Freestone & Webb, a Faransa kuma akwai irin su Franay da Chapron da Saoutchik. Sai a 1946 aka fito da Bentley Mark VI da bodin ƙarfe na kamfani, sannan Rolls-Royce Silver Dawn ta biyo baya a 1949. Daga nan kasuwar maƙeran ta riƙa ja da baya. Hooper, wanda ya haɗiye Barker a 1938, ya daina ƙera bodi a 1959. Rolls-Royce ya mallaki Park Ward gaba ɗaya a 1939, ya sayi H.J. Mulliner a 1959, ya haɗe su wuri guda a 1961. Da Silver Shadow ta fito a 1965, wadda bodinta da shasinta abu ɗaya ne, sai aikin ya kusa ƙarewa, in ban da manyan motocin Phantom da aka ci gaba da yi wa bodi da hannu. Waɗannan shekaru su ne ma'aunin farko da dattijon ke ɗora kowace mota a kai, kuma yana riƙe da su a ka.

Motar da ta kai ni wurinsu ta wasu magada ce da suka wakilta ni. Istimararta, wato takardar rajistar motar, ta ce Rolls-Royce ce ta 1961, iyalan kuma sun taso suna jin cewa Hooper ne ya ƙera bodinta, ga shi har akwai ɗan allon ƙarfe mai sunan Hooper a dokin ƙofar direba. Dattijon bai tsaya kallon fuskar motar ba, bai kuma kula da mutum-mutumin da ke kan lagireto ba, domin a cewarsa su ne abin da ya fi saurin sauyawa a jikin mota. Bonet ya fara buɗewa, ya karanta lambar shasi a kan allon da ke bangon da ya raba injin da mazaunin direba, sannan ya sa aka ɗaga motar, ya goge maiƙo da tsatsa har ya samu lambar da aka buga a kan ƙarfen shasin kansa. Lambobin biyu sun yi daidai, wato ba a sauya allon ba. Amma lambar ta fara da harafin B, kuma harafin L ya zo bayan alƙaluman. Ya bayyana mini cewa haka ake rubuta lambar Bentley mai sitiyari a hagu, ita kuwa Silver Cloud mai sitiyari a hagu da L take farawa, S ya biyo baya. Motar dai Bentley S2 ce aka sanya wa fuskar Rolls-Royce.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masana harkar. Tun da Rolls-Royce ya sayi Bentley a 1931, motocin biyu suka riƙa kusantar juna, har ta kai Silver Cloud II da Bentley S2, waɗanda aka yi daga 1959 zuwa 1962, injinsu ɗaya ne mai fulogi takwas da lita 6.2, bodinsu ma ɗaya ne. Bambancin yana ga ragar lagireto da siffar gaban bonet da tambura. Tun da sunan Rolls-Royce ya fi tsada a kasuwanni da yawa, an sha sauya wa Bentley fuska, wani don sha'awa, wani don algus. Dattijon ya nuna mini inda gaban bonet ɗin bai zauna sosai a kan ragar ba, ya kuma haska mini murfin saman injin, inda har yanzu ana iya ganin gurbin sunan Bentley da aka kankare aka shafe da fenti.

Sai maganar Hooper. A nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda ya ji labarinsa kawai. Mutane da yawa sun san cewa maƙeran musamman da alminiyom suke aiki, don haka sukan manna maganaɗisu a jikin mota, idan bai kama ba su ce ta hannu ce. Wani daga cikin magadan ya riga ya gwada hakan a ƙofa da bonet, bai kama ba, shi ya sa suka ƙara sakankancewa. Dattijon ya karɓi maganaɗisun ya ɗora a rufin motar da marufin tayar baya, nan take ya manne. Bodin kamfani na wannan samfuri, wanda kamfanin Pressed Steel ya riƙa bugawa, ƙarfe ne, amma ƙofofi da bonet da murfin but na alminiyom ne, don haka gwajin ƙofa kaɗai yaudarar mai shi yake yi. Ya kwance allon Hooper ɗin, sai ga sukurori irin na zamani, ramukan kuma sababbin huji ne da suka ratsa fenti na biyu. Ya ƙara da cewa ko ba a ga wannan ba, motar da ta bar masana'antar Rolls-Royce da ke Crewe a Ingila a 1961 ba za ta samu bodin Hooper ba, tun da kamfanin ya riga ya rufe wannan aiki shekara biyu kafin nan.

Babbar 'yar mamacin tana wurin, kuma maganar ta yi mata nauyi, domin tana ganin kamar ana ƙaryata mahaifinta ne. Yadda dattijon ya amsa mata ya ƙara masa daraja a idona. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ban ce Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya yi wani abu ba. Fentin da ke kan wannan aiki ya tsufa, mai yiwuwa a haka ya saye ta. Amma idan kuka sayar da ita da sunan da ba nata ba, alhali yanzu kun sani, nauyin yana wuyanku, ni kuma ba zan sa hannu a kai ba." Ya kuma nuna mata cewa Bentley S2 mai lafiyayyen shasi da injinta na asali mota ce mai daraja a karan kanta, kuma akwai masu nemanta da sunanta.

Batun yarima ma ya taso, kamar yadda yake tasowa a kan kusan kowace tsohuwar mota a ƙasar nan. Matsayin warshar a kan wannan ya yi daidai da nawa: ba sa rubuta sunan wani mai mulki a rahoto sai da takarda. Motocin sarauta na gaskiya ba ɓoyayyu ba ne. Rolls-Royce ɗin da Winston Churchill ya yi wa Sarki Abdul'aziz alkawari bayan ganawarsu a Fayyum ta ƙasar Masar a Fabrairun 1945 ta iso a 1946, kuma tana nan a ajiye a cibiyar tarihin Sarkin da ke Murabba a Riyad. Phantom IV, wadda guda 18 kacal aka yi tsakanin 1950 da 1956 domin sarakuna da shugabannin ƙasashe, an san wanda ya karɓi kowacce, ciki har da ta Yarima Talal bin Abdul'aziz, wadda ita kaɗai ce Franay na Faransa ya yi wa bodi. Kamfanin Rolls-Royce ya kasance yana rubuta sunan mai saye na farko da maƙerin bodi da launin fenti da ranar miƙawa a katin kowane shasi, kuma kwafin waɗannan katuna yana samuwa ta hannun ƙungiyar Rolls-Royce Enthusiasts' Club da ke Ingila. Ɗan dattijon ya nemo katin motar magadan, ya tabbatar da duk abin da mahaifinsa ya gani da ido, ya kuma nuna cewa wani ɗan kasuwa ne a Turai ya fara sayenta.

Mota ta biyu da na ga sun yi aiki a kanta ta wani abokina ce, Silver Wraith mai dogon shasi. Wannan samfuri, wanda aka yi daga 1946 zuwa 1958, bai taɓa samun bodin kamfani ba, saboda haka tambayar ita ce wane maƙeri ne, kuma allunan dokin ƙofa sun daɗe da ɓacewa. Siffarta irin wadda ake kira Empress ce, inda layin marufin tayar gaba ke gangarowa a hankali har ƙarshen motar, tayoyin baya kuma a rufe. Hooper ne ya shahara da wannan zane ta hannun mai zanensa Osmond Rivers, don haka duk wanda ya gan ta yakan ce Hooper. Dattijon ya ƙi yanke hukunci da siffa kaɗai, domin Freestone & Webb ma sun yi motoci masu kama da haka sosai. Ya cire kujerar baya da wani ɓangare na katakon ƙofa, yana neman lambar bodi da maƙera kan buga ko su rubuta a bayan kayan ciki don kada na wata mota su gauraya da na wata. Ya samu lamba iri ɗaya a wurare daban-daban, abin da ya nuna kayan cikin na motar ne tun asali. Ya duba marikan ƙofa da yadda aka haɗa firam ɗin katakon da alminiyom ya lulluɓe, ya ce zuciyarsa ta fi karkata ga Freestone & Webb, amma a rahoton farko abin da ya rubuta shi ne ana jiran kati. Da katin ya zo, Freestone & Webb ɗin ce. Abokina ya so a ce Hooper ce, amma yanzu yana riƙe da hujjar da babu mai saye da zai musa.

A wannan binciken ne kuma suka gano abin da ya fi sunan maƙeri muhimmanci ga aljihun mai motar. Damshin Jidda da gishirin teku suna cin ƙarfe, kowa ya san haka, amma a motar da aka yi wa bodi da hannu katakon ciki ne ke fara ruɓewa, alminiyom ɗin waje yana nan sumul yana ɓoye ɓarnar. Dattijon ya ɗaga kowace ƙofa a buɗe ya ji ko tana wasa, ya soka tsinke a ginshiƙan ƙasa, ya kuma nuna layin laka a bayan kafet, wanda ya ce alamar ruwa ya taɓa shiga ne. Duk wanda ke Jidda lokacin ambaliyar Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011 ya san gareji nawa ruwa ya cika. Wannan sashe na rahoton nasu ya fi kowanne tsawo, kuma na ga ya cancanci haka.

A kan Mercedes ba ni da dogon bayani, domin aikin ya fi sauƙi kuma sun iya shi. Kamfanin da kansa ya ƙera bodin Mercedes 600 a garin Sindelfingen na Jamus, guda 2,677 aka yi daga 1963 zuwa 1981, kuma farkon lambar shasi yana nuna ko gajeriya ce ko doguwar Pullman ta asali. Suna neman katin bayanai daga kamfanin a Jamus su gwada da lambar injin da ta fenti.

Inda suka gaza shi ne motocin Amurka, kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a ƙasar da Cadillac ta daɗe tana cikin manyan motocin masu hali. Na ga rahoton da suka rubuta wa wani maƙwabcina a kan Cadillac Series 75, inda suka sanya Fleetwood a gurbin maƙeri mai zaman kansa, daidai da yadda suke sanya Hooper ko James Young. Wannan kuskure ne mai iya ruɗar mai saye. Kamfanin ƙera bodi na Fisher Body ya sayi Fleetwood tun 1925, shi kansa Fisher ya zama mallakin General Motors, mai kamfanin Cadillac, gaba ɗaya a 1926, don haka sunan Fleetwood a jikin Cadillac ta bayan yaƙi yana nuna babban matsayi ne a cikin kayan kamfanin, ba ya nufin an kai shasi wani wuri an yi masa bodi na daban. Sun kwafi alƙaluman allon bodin da ke ƙarƙashin bonet daidai, amma ba su fassara na launi da na kayan ciki ba, alhali a nan ne ake gane ko an sauya wa motar kama. Da aka yi musu magana sun karɓi gyaran ba tare da musu ba, sai dai mai biyan kuɗin tantancewa bai kamata ya zama shi ne mai gyara rahoto ba. Motocin Italiya kuwa, irin waɗanda Pininfarina ko Touring ko Zagato suka yi wa bodi, dattijon da bakinsa yake cewa ba fanninsa ba ne, ba ya ma karɓarsu, kuma na fi son wannan a kan abin da ya faru da Cadillac ɗin.

Akwai wasu abubuwan da ya kamata su gyara. Rahoton da Larabci kawai yake fita, alhali masu sayen irin waɗannan motoci da yawa daga waje suke, don haka sai mutum ya sake biyan mai fassara, kuma mai fassarar da bai san mota ba yana iya ɓata lamba ko suna. Ba sa faɗin lokacin da katin Ingila zai iso, ba sa kuma kiran mutum su sanar da shi inda aka kwana, sai shi ya riƙa bibiya. Filin warshar ƙarami ne, wasu motocin a rana suke yini, kuma zafin Jidda ba ya yi wa tsohuwar fata da katakon ado da daɗi. Ga motar da ba ta tashi suna zuwa gida, wanda hakan ya fi, amma ba sa zuwa da abin ɗaga mota sai an nema tun farko, kuma ba tare da shi ba lambar da ke kan shasi ba ta karantuwa yadda ya kamata.

Ba sa kuma yanke wa mota farashi. Da farko magadan sun ji haushin haka, tun da abin da ya kawo su ke nan. Ni dai ina ganin daidai ne, domin wanda ke tantance asali idan ya shiga faɗin kuɗi ya fara zama dillali. Abin da suke yi shi ne su faɗa maka ainihin sunan motar da shekararta da maƙerinta da halin da take ciki, kai kuma ka je ka duba abin da irinta ta yi a gwanjo. Kuɗin aikinsu ya fi na fahas, wato binciken lafiyar mota da aka saba, nesa ba kusa ba, kuma kuɗin neman kati daban ake biya, amma idan aka gwada shi da abin da za a iya yin asara ko a ci na haram a ciniki ɗaya, bai yi yawa ba.

Wanda ke da Rolls-Royce ko Bentley ko Mercedes ta kafin 1981, shekarar da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17 ta zama ƙa'ida, ina ba shi shawarar ya kai musu kafin ya yi magana da kowane dillali. Ya tafi da istimara da duk wata tsohuwar takarda ta kwastan ko ta gyara, ko da ta yage, da hotunan iyali da motar ta fito a ciki, domin tsohon hoto yana nuna launin farko da lambar da take ɗauke da ita a da. Kada ya yi mata sabon fenti ko ya sauya kujeru kafin binciken, tun da a ƙarƙashin tsohon fenti da bayan tsohuwar fata hujjojin suke. Idan motar ta gado ce, ya kyautu magada biyu ko uku su halarta su gani da idonsu, kowa kuma ya karɓi kwafin rahoton. Mai Cadillac ko Lincoln kuwa ya nemi su kwafar masa alƙaluman allon bodi su ɗauki hotonsa, sannan ya kai wa wanda ya ƙware a motocin Amurka ya karanta masa.